Hayatu da Daɓen Ɗakin Sanyi

A shekarar 1984 na fara sanin Hayatu, shekarar da ruwan sama ya ƙi, gyaɗa ta yi wuya, motocin kamfaninmu suna dawowa daga ƙauyuka da rabin kaya. Kamfanin matsar man gyaɗa ne da yin sabulu. Babban ofishinsa yana nan Garwa, yana kuma da rumbunan saye a Gidar, Marwa, Yagwa da Kuseri. Ni ne akawun da ke riƙe da wasiƙu da takardun rumbunan nan. Mahaifina falken goro ne, jikan Kanawa, amma ya kai ni makarantar Fada, ta 'yan mishan, tun ina ƙarami, abin da 'yan'uwansa suka daɗe suna yi masa gori a kai. A can na koyi Faransanci mai tsabta, da rubutun hannu wanda ba ya karkata ko da babu layi.

Hayatu ɗan mahauta ne daga unguwar Rumde Ajiya. Ya gama firamare ya tsaya, aka ɗauke shi aiki a bakin sikeli, yana ɗora buhu, yana karanta nauyi da murya kamar mai talla. Na girme shi da wajen shekara goma. Ranar da ya fara shigowa ofishina takardar sikeli ya kawo, duk shatin yatsu da maiƙo a jikinta. Na duba, na ga ya manta birgil, wato ɗan waƙafin nan da Faransawa ke raba lamba da shi. Na ce masa ya koma ya sa, don in ba haka ba buhu ɗaya ya zama nauyin buhu goma.

Ya leƙa takardar, ya yi dariya har da buga cinya. "Malam, ka taɓa ganin buhu mai wannan nauyi? Ai ko bijimin babana bai kai haka ba."

"Takarda ba ta san buhu ba," na ce. "Koma ka sa."

Ya koma ya sa. Amma daga ranar sunana ya tashi daga Dawuda ya koma Malam Birgil, kuma kafin wata ya ƙare har direbobi haka suke kirana.

A ƙarshen shekarar kamfanin ya sayo babbar kwamfuta. Daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare aka ɗauko ta a tirela, sai da aka fasa bango kafin ta shiga. Akwatunan ƙarfe ne jere, kowanne ya fi mutum tsawo. Aka gina mata ɗaki marar taga, aka sa mata na'urorin sanyi biyu, tunda wutar madatsar ruwa ta Lagdo ta riga ta iso gari. Aka kuma yi mata daɓe na musamman, wanda aka ɗaga sama da ƙasa kamar kamu biyu. Marufai ne masu kusurwa huɗu aka jera, ana iya ɗaga kowanne da wani ƙarfe mai roba da ke tsotse shi. Ta ƙarƙashin daɓen wayoyi ke bi, ta nan kuma iskar sanyi ke fara wucewa kafin ta hau cikin injin.

Aka ce za a tura mutum ɗaya Duwala ya koyi aikinta. Ban yi shakkar ni ne ba. Har na sa tela ya ɗinka mini wando biyu. Baturen da ke manaja a lokacin ya kira ni, ya dafa kafaɗata, ya ce in na tafi wa zai rubuta masa wasiƙu? Ya ce ba shi da kamata a gidan. Wanda za a tura, a cewarsa, sai wanda rashinsa ba zai tsayar da komai ba, mai ƙarfin ɗaukar fayafayan injin kuma, don suna da nauyi. Da haka aka ɗauki Hayatu daga bakin sikeli.

Ya dawo daga Duwala da suwaita. Shuɗiya ce, mai wuya a naɗe. Wanda bai san Garwa a watan Afrilu ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Lokacin da kwalta ke laushi, ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, mu a ofis muna fifita da bangon fayil, gumi na ɗiga a kan takarda yana ɓata tawada, shi sai ya iso da safe da suwaita rataye a kafaɗa, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin, ya sa ta, ya shige.

Ga yadda aikin yake tafiya. Rumbuna su aiko da takardun saye a mota. Ni in duba, in gyara, in kwafe su da kyau. Sannan in miƙa masa ta wata 'yar kafa mai gilashi da ke tsakanin ofishina da ɗakinsa. Shi ya buga su a cikin injin, injin ya fito da albashi da lissafin manoma a doguwar takarda mai huda a gefe. Duk lokacin da na zura hannu ta kafar nan, sanyin ya kama ni daga yatsu zuwa wuyan hannu, ya tsaya nan. Shekara goma sha biyar iyakar rabona ke nan.

"Malam Birgil, hannunka da ɗumi kamar an ciro shi daga tukunya," yakan ce. "Shigo mana ka huta."

"An rubuta a ƙofa ba a shiga."

"Ai kai ka rubuta."

"Shi ya sa."

Tsohuwa yake kiran injin tun tana sabuwa. Yana gaishe ta da safe, yana yi mata faɗa in ta yi jinkiri. Ya san ƙararta kamar yadda mahaifinsa ya san tarin saniya. Ba zan ce ya fahimci abin da ke cikinta ba. Abin da aka koya masa yake yi, bai ƙara ba, bai rage ba. In ta lalace da gaske sai a jira mai gyara daga Duwala. Amma a idon mutanen gidan shi da ita abu ɗaya ne. Ranar albashi shi ake yi wa godiya, alhali ni na tara lambobin.

Maganar ƙarƙashin daɓe da André ta fara, mai riƙe da akwatin kuɗi. Yana da 'ya mai ciwon suga tun tana ƙarama, allurarta kuwa ba ta son zafi. Ba su da firji a gidansu na unguwar Pumpumre, na maƙwabta kuma yau da wuta gobe babu. Ɗakin injin shi kaɗai ne wurin da janareto ke tashi da zarar wuta ta ɗauke. Hayatu ya ɗaga marufi ɗaya, ya sa kwalaben a gwangwanin madara, ya mayar. Ba firji ba ne, in faɗi gaskiya, amma sanyin ƙasan ya ishi magani.

Daga nan abin ya bazu. Direban Marwa ya kawo man shanun da surukarsa ke aiko masa. Mai gadi ya kawo maganin ido. Masu cin goro suka gano cewa goro a naɗe cikin ɗanyen ganye yana yin makonni a can bai yanƙwane ba. Kowa da marufinsa, Hayatu ne ke rabawa. Da Babbar Sallah kuwa, musamman shekarun da ta faɗo cikin zafi, kwanonin nama ne ke kwana a can kafin mata su sami sararin soyawa. Shi da ya tashi a mahauta ya san yadda ake rufe nama ruwa bai ɗiga ba, bai taɓa bari ya wuce kwana biyu ba. Dokar kamfani a fili take: duk abin da aka samu a ɗakin nan wanda ba na injin ba, korar mai ɗakin ce nan take, ba kuɗin sallama ba komai, don masu gyara za su ce an karya yarjejeniya. Kowa ya san dokar, kowa ya yi shiru.

Ko sisi bai taɓa karɓa a hannun kowa ba. Wannan ya fi komai damuna, don da yana karɓa da na sami abin faɗa. Sarkin Sanyi suke ce masa. In an yi suna ko ɗaurin aure, tabarmar gaba ake shimfiɗa masa. Ni ma ana zuwa wurina, a rubuta wasiƙar neman gafara ko ta neman makaranta, amma mutum ya karɓi wasiƙarsa ya tafi ke nan. Shi kullum ana dawowa. Ni da na san goro fiye da duk wanda ke gidan, nawa a aljihu yake bushewa kafin azahar. Ban taɓa roƙon marufi ba. Ta gilashin nan dai nake kallo, har na haddace na wane a ina yake, layi-layi, kamar yadda na haddace kogunan Faransa a makarantar Fada.

Da tattalin arziki ya karye, albashi ya fara makara, kowa ya rame ban da Hayatu. Ran Lahadi sai ya ɗaura gyauto ya shiga cikin 'yan'uwansa a mahauta, ya koma gida wurin matarsa Dela da tsoka a leda. Ban taɓa ganin ya ji kunyar a gan shi da wuƙa ba. Ni ba ni da sana'ar da zan koma. Mahaifina ya raba ni da goro tun da ya sa ni a benci.

Bayan an karya darajar sefa a 1994, Tsohuwa ta fara yi wa kamfanin nauyi. Kayan gyaranta daga Turai suke zuwa, farashinsu ya ninka. Mai gyara sai an biya masa jirgi da otal. Wutar da na'urorin sanyi ke sha ta kusa kai ta injin matsar mai ɗaya. Aka yi ta lallaɓawa har 1999, lokacin da aka fara cewa irin waɗannan injuna za su ruɗe in shekara ta 2000 ta shigo, don da lamba biyu kawai suke rubuta shekara. Baturen da ya rubuta mata tsarin aikinta ya daɗe da komawa ƙasarsu.

A lokacin muna da sabon darakta, Mesiye Alphonse, mutumin kudu, mai magana a hankali, wanda bai san komai game da ƙarƙashin daɓe ba. Ya tara mu ya ce hanya biyu ce. Ko a gyara Tsohuwa a ci gaba da ciyar da ita, ko a kashe ta a sayi ƙananan injuna da ake kira sarba, kowace ba ta fi buhun gishiri girma ba, a sa ɗaya a kowane rumbu, ɗaya a Garwa, a haɗa su ta wayar tarho. Sannan ya zo kan babbar maganar. Ya ce ko wace hanya aka bi, ofis ɗaya zai rufe. In injin ya zauna, za a rage akawu don a biya gyaransa. In ya tafi, ɗakinsa ya tafi. Bai kalli kowa ba, amma akawu ɗaya ne a gidan, mai ɗaki ma ɗaya.

Shekarata hamsin da bakwai a lokacin. Fansho sai mutum ya cika sittin. In aka sallame ni, shekara uku ke nan babu albashi babu fansho, ga 'ya'ya biyu a jami'ar Ngaundare, kuma ba wanda ke ɗaukar akawu mai furfura.

Ni aka ɗora wa tara lissafin hanyoyin biyu, tunda ba wanda ya kai ni tsari. Na yi shi da gaskiya, ban ɓoye komai ba. Sababbin injunan ma ba kyauta ba ne. Kowane rumbu sai an saya masa batir, an koya wa ma'aikacinsa, an toshe ɗakin don ƙurar ɓawon gyaɗa da ɓeraye. Wayar Yagwa da damina takan mutu mako guda. Sunayen manoma na shekara goma sha biyar sai an kwashe su daga tsohon inji zuwa sababbi, kuma sai an tafiyar da tsoho da sabo tare har kaka guda, a biya biyu. Duk na rubuta. Amma da na ja layi a ƙasa, Tsohuwa ce ta fi tsada daga shekara ta uku. Na daɗe ban ji daɗin jan layi kamar na ranar ba.

A taro na biyu Hayatu ya yi magana, da Faransancinsa na kasuwa. Ya ce Tsohuwa ba ta taɓa ɓatar da buhu ɗaya ba. Ya ce yanzu baki ɗaya ke magana a gidan nan. In an raba, Yagwa ta ce kaza, Kuseri ta ce kaza, wa za a gaskata? Darakta ya gyaɗa kai, ya ce tambaya ce mai kyau, ya ce zai kira ƙwararriya daga Duwala ta duba komai kafin a yanke.

Da yamma na miƙa takardu ta kafa, ya riƙe gefensu bai ja ba.

"Malam Birgil, an ce alƙalaminka ya yanka Tsohuwa."

"Lamba ce ta yanka ta."

"To ka tabbata ka ambaci sunan Allah, kar ta zama mushe."

"Kai ne mahauci, ni akawu ne."

Ya yi dariya ya ja takardun. Ko a lokacin ban ga damuwa a fuskarsa ba, ni kuwa abinci ya daina shiga mini.

An ce ƙwararriyar za ta zo tsakiyar mako. Sai jirginta ya sauya, ta sauka Litinin, kashegarin Babbar Sallah, ƙarshen Maris, zafi kamar a bakin maƙera. Daga filin jirgi ofis ta zarce. Madam Véronique sunanta, doguwa, mai tabarau, ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Darakta ya ce in ɗauko takarduna in raka su. A ranar na fara taka cikin ɗakin da na yi shekara goma sha biyar ina kallo. Na tuɓe takalmi. Sanyin ya hau ni daga tafin ƙafa har ƙeya, na ji kamar in zauna a ƙasa.

Na kuma san abin da nake takawa. Da safen nan na ga kwanoni suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka fara ba a taɓa cika ƙasan nan kamar ranar ba.

Hayatu yana tsaye kusa da injin. A cikin wannan sanyi na ga gumi a goshinsa.

Madam Véronique ta duba akwatunan, ta karanta lambobin jikinsu, ta tambayi yaushe aka canja kaza, yaushe aka canja kaza. Ya amsa da ƙaramar murya. Sai ta tsaya, ta ɗan ɗaga hanci.

"Akwai wani wari a nan."

"Sallah aka yi jiya, Madam," in ji darakta yana murmushi. "Garin duka haka yake."

"Ina son ganin wayoyin ƙasa. Ina abin ɗaga marufi?"

Ƙarfen yana rataye a bayana. Ni na fi kusa, ni na ciro shi. Ta nuna tsakiyar ɗaki da biro ta ce a ɗaga ko'ina. Inda ta nuna, kwanon direban Marwa ne, cinyar rago guda. Na hagunsa na mai gadi. Bayansa gwangwanin 'yar André. Ba sai na ce komai ba. In ɗora ƙarfen inda aka nuna mini, in ja, shi ke nan: ɗan mahauta ya tafi a ranar ba tare da ko kuɗin sallama ba, darakta ya tsani ɗakin, kujerata ta tsaya da ƙafafunta huɗu. Ba wanda zai ce na yi tsegumi. Umarni aka ba ni.

Marufi ɗaya ne na san babu komai a ƙarƙashinsa, na kusurwar gabas, kusa da inda iskar ke fitowa. Na san shi sarai, don shi ne wanda na daɗe ina cewa a raina, da zan roƙa, shi zan roƙa. Ban taɓa ganin an sa wa kowa kaya a ciki ba.

"Madam," na ce, "a nan manyan wayoyin suke shigowa. In kin duba nan kin ga duka."

Na je na ɗora ƙarfen na ja. Wayoyi ne kawai, a share tas. Ta durƙusa ta haska da tocila, ta taɓa wata waya da ta tsage, ta rubuta. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa ta ce ta ga abin da take son gani, wayoyin sun tsufa kamar injin. Muka fita.

An sha tambayata dalili, wato ni na sha tambayar kaina, don ba wanda ya san abin sai mu biyu. Ba tausayi ba ne. Na yi wata biyu ina gina lissafin nan, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, kuma ina so a ce lissafina ne ya rufe ɗakin, ba cinyar rago ba. Da na wuce ta gabansa Hayatu ya buɗe baki, na ce masa, "Rataye ƙarfenka, ɗan mahauta." Ya rataye. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka. Kafin la'asar kowa ya zo ya kwashe kwanonsa ta ƙofar baya.

Rahoton Madam Véronique ya zo bayan mako biyu. Ta yarda da lissafina, har ta yaba tsarinsa. A kashe babban inji, a sayi ƙanana. Na karanta wannan shafi sau biyu don daɗi. A shafi na gaba ta rubuta abin da ni da kaina ban hango ba. Tunda kowane rumbu zai riƙa buga sayensa a wurin, babu sauran takardun da za a aiko Garwa a kwafe. Ba ofis ɗaya zai rufe ba, biyu ne. Kujera ɗaya za ta rage: mutumin da zai zauna gaban sarbar Garwa, ya karɓi abin da rumbuna suka turo, ya haɗa, ya duba ko sun yi daidai. Ta ce a ba wanda ya saba da inji.

Ban taɓa danna maɓalli ɗaya ba a rayuwata. Na fara kwashe alƙalumana ina kai su gida kaɗan-kaɗan, don kada a gan ni da kwali ranar ƙarshe. Matata ta lura, sai ta rage cefane.

Sai darakta ya kira ni. Ya ce kujerar tawa ce. Ya ce aikin na mai ido ne, wanda zai kama Yagwa in ta saɓa wa Kuseri, maɓalli kuwa ana koya. Na fito ina jin an yi adalci karon farko tun zamanin Baturen nan da ya hana ni zuwa Duwala. Na ce a raina ashe dai ilimi yana da ranarsa.

Kakar nan aka tafiyar da tsoho da sabo tare, Hayatu ne ya koya mini. Ba malami mai haƙuri ba ne.

"Yatsa biyu, Malam Birgil? Sauran takwas ɗin na ado ne?"

"Da biyun na rubuta wa gwamna wasiƙa."

"Gwamna ya jira. Wannan ba ta jira. Danna nan. A'a, nan! Kai, wallahi da saniya ce da ta harbe ka."

Ranar da aka kashe Tsohuwa shi ya juya makullin. Ƙarar da muka saba da ita har muka daina jin ta, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya. Ya dafa akwatin farko ya ce, "To, sannu da aiki." Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo daga baya suka farfasa ta. An sallame shi da haƙƙinsa cikakke. Da shi ya sayi na'urorin sanyin nan biyu a gwanjo, ya haɗa da wata da ya samo a Marwa, ya gina ɗakin ajiyar nama a bayan kasuwar Rumde Ajiya. Mahauta suka fara kai masa abin da ya kwana. Allurar 'yar André ita ta fara shiga. Ni kuwa sarbar Garwa ba ta buƙatar wani sanyi. Fanka ɗaya aka ba mu, ni da ita. Wanda aka sallama ya sayi babur sabo kafin shekara ta zagayo, wanda aka bari yana nan da kekensa.

Na cika sittin a kujerar, yaran suka gama karatu. Ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki, an sha lemo, darakta ya yi jawabi. Ina haɗa kayana sai Yvonne, sakatariyarsa, ta zo ta taya ni. Mun daɗe tare, ba ta iya riƙe magana.

"Baba Dawuda, abokinka bai zo ba?"

"Wane aboki?"

"Sarkin Sanyi mana. Ai shi ya kamata ya zauna a gaba. Ni na buga takardar da sunansa, ka sani. Har darakta ya sa hannu."

"Wace takarda?"

"Ta kujerar nan taka. Shi aka ba. Ya shigo ya tsaya a gaban tebur, ya ce idonsa ya lalace, ba ya ganin ƙananan lambobi, a ba Malam Birgil. Darakta ya ce a saya masa tabarau. Ya ce ciwon ba na tabarau ba ne. Sai na sake bugawa." Ta dube ni. "Au, ba ka sani ba?"

Kashegari da hantsi na hau keke na tafi Rumde Ajiya. Na same shi a ƙofar ɗakinsa, mahauta biyu suna sauke ƙafar bijimi daga amalanke. Yana tsaye nesa da sikeli kamar taku biyar, yana karanta musu nauyi daga inda yake, har da rabin kilo.

"A'a, Malam Birgil! An gama da kai ke nan? Barka da hutawa."

"Ashe idonka ya warke."

Ya juya wurin mahautan ya ce su shiga da ita ciki, su rataye a ƙugiyar hagu.

"Wa ya ce yana ciwo?"

"Yvonne."

"Yvonne ai ba ta da aiki."

"Lokacin ba ka da ɗakin nan," na ce. "Ba ka san zai yi ba. Kana da 'ya'ya bakwai."

"Takwas. Ka ga, kai ma lissafi na kuɓuce maka."

"Hayatu, ban roƙe ka ba."

"Ni ma ban roƙe ka ba," ya ce.

Na tsaya riƙe da keken. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni nawa, na ranar ɗaga marufin nan, na yi shi cikin minti ɗaya, ina huci, shi kuwa ya ajiye albashin shekara goma sha ukun da suka rage masa kafin fansho a kan tebur, ya fito ya zauna yana yi mini dariyar yatsa biyu, ko a fuska ban gani ba.

Wani mahauci ya leƙo daga ciki ya ce ƙugiyar hagu a cike take.

"To sa a ta dama, sai na zo na nuna maka hannunka?" Ya juyo gare ni. "Malam, ko ka shigo ko ka matsa da kekenka. Ka tare wa amalanke hanya."

Na matsa da keken.